NMR, kiristal, kirayo ko kwamfuta: wace hanya ta dace da auna motsin furotin na bakteriya?

Duk wanda ya taɓa shan Septrin saboda ciwon mafitsara ko gudawa ya sha wani sinadari mai suna trimethoprim, wanda aikinsa shi ne toshe wani enzayim na bakteriya da masana ke kira DHFR. Enzayim kuwa furotin ne mai hanzarta aikin sinadarai a cikin halitta. Bakteriya ba ta iya haɗa tubalan DNA ɗinta sai da wannan enzayim, saboda haka da zarar an toshe shi sai ta kasa hayayyafa. A cikin bakteriyar E. coli furotin ne ƙarami mai amino asid 159, wato tubalan da ake gina furotin da su, kuma an daɗe da sanin siffarsa. A shekarar 1997 Michael Sawaya da Joseph Kraut na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego suka jera siffofinsa a matakai daban-daban na aikinsa, suka nuna cewa wata 'yar igiya da ke bakin ramin da aikin ke gudana a ciki, wadda ake kira Met20, wani lokaci takan rufe ramin, wani lokaci kuma takan kutsa ciki ta tare gurbin da NADPH, sinadarin da ke taimaka wa enzayim ɗin a aikinsa, ke zama. Hotunan sun nuna wuraren da igiyar ke tsayawa, amma ba su faɗi sau nawa take kai-komo a cikin sakan guda ba, ba su kuma faɗi ko wannan kai-komon yana da hannu a saurin aikin enzayim ɗin ba. Sai a 2006 Peter Wright da Jane Dyson da abokan aikinsu a Cibiyar Scripps suka amsa tambayar da na'urar NMR, wadda ke amfani da maganaɗisu da igiyar rediyo wajen nazarin furotin. Sun gano cewa a kowane mataki furotin ɗin yana leƙa siffar matakin da ke maƙwabtaka da shi na ɗan ƙanƙanin lokaci, kuma saurin wannan leƙe a matakin ƙarshe ya yi daidai da saurin sakin abin da enzayim ɗin ya samar, wato kimanin sau 12 a sakan guda.

Ɗalibin digiri na biyu ko na uku a sashen bayokemistiri, a Zariya yake ko Kano ko Sakkwato ko Yamai, wanda yake son bin irin wannan sawu a kan wani furotin na bakteriya mai jure magani, zai tarar da hanyoyi da yawa a gabansa, kowace da masu yabonta. Ra'ayina shi ne kada ya fara da tambayar wace na'ura ce ta fi ƙarfi ko ta fi suna. Tambayoyi uku ne ke yanke hukunci: a wane ma'aunin lokaci motsin da yake nema ke faruwa, mene ne girman furotin ɗin, sannan wace na'ura ce hannunsa zai iya kaiwa gare ta a cikin shekarun da aka ba shi.

Maganar lokaci ita ce aka fi yin sakaci da ita. Kalmar motsi tana ɓoye abubuwa da suka yi nisa da juna ƙwarai. Karkarwar mahaɗan zarra da kaɗawar ƙananan rassan amino asid suna faruwa a fikosakan zuwa nanosakan, wato daga kashi ɗaya cikin tiriliyan zuwa kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. Buɗewa da rufewar igiya ko marfi, da sauyin siffar da ke tafiya da kama sinadari da sakinsa, galibi suna ɗaukar maikirosakan zuwa milisakan, kuma nan ne yawancin enzayim ke gudanar da aikinsu. Warwarewar furotin da sake naɗewarsa, ko juyawar furotin mai fitar da magani daga cikin ƙwayar bakteriya, suna iya kai sakan guda ko fiye. Tsakanin farkon wannan ma'auni da ƙarshensa akwai ninki tiriliyan guda, kuma wanda bai tantance inda tambayarsa ta faɗa ba zai iya ɓata shekara yana auna abin da ba shi yake nema ba.

Abin da NMR ke gani

Cibiyar wasu zarra, kamar ta haidirojin, tana da ɗabi'ar ƙaramin maganaɗisu. Idan aka sa ta cikin babban maganaɗisu aka buga mata igiyar rediyo, sai ta amsa da wani amo wanda ya dogara da abin da ke kewaye da ita. Felix Bloch da Edward Purcell ne suka nuna haka a 1946, Richard Ernst ya kawo dabarun da suka mayar da shi kayan aikin masu ilimin sinadarai, Kurt Wüthrich kuma a Zurich ya fitar da cikakkiyar siffar furotin ta farko da wannan hanya a 1985, abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2002. Ilimi ɗaya ne da na na'urar MRI ta asibiti, sai dai ta asibiti yawanci tesla 1.5 ce, alhali na'urar NMR mai megahaz 600 tesla 14.1 ce, mai gigahaz 1.2 kuma, wadda aka fara kafawa a Florence ta Italiya a 2020, ta haura tesla 28.

Fifikon NMR na farko shi ne furotin yana cikin ruwa, a zafin ɗaki ko zafin jiki, yana juyi yadda ya saba. Na biyu shi ne kowane amino asid, ban da guda ɗaya mai suna furolin, yana ba da ɗigonsa na kansa a taswirar da ake kira HSQC, don haka ana iya cewa amino asid na 20 yana motsi, na 45 kuma yana tsaye. Na uku, wanda babu wata hanya da ta kamo ta a kansa, shi ne tana da gwaji na musamman ga kusan kowane ɓangare na ma'aunin lokacin nan. Motsi mai sauri ana auna shi da yadda siginar naitirojin-15 ke lafawa, sannan a fassara shi da lissafin da Giovanni Lipari da Attila Szabo suka kawo a 1982, wanda ke ba kowane amino asid lamba tsakanin sifiri da ɗaya, ɗaya na nufin ƙam yake, sifiri na nufin sakaka yake. Gwajin farko da ya kafa wannan al'ada a kan furotin na bakteriya aka yi shi: Lewis Kay da Dennis Torchia da Ad Bax suka yi shi a 1989 da wani enzayim na Staphylococcus aureus mai yanka DNA.

Inda hanyar ta fi burge ni shi ne a tsakiyar ma'aunin. Gwajin NMR da ake kira CPMG, da ɗan'uwansa CEST wanda ɗakin binciken Kay a Toronto ya daidaita wa furotin a 2012, suna gano siffar da furotin ke shiga na ɗan lokaci kaɗan, ko da kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai na ƙwayoyinsa ke cikinta a kowane lokaci. Ba a ganin wannan siffa kai tsaye. Ana ganin tabon da ta bari ne a kan siginar babbar siffa, daga tabon kuma a ciro abubuwa uku, wato saurin sauyin, da yawan ƙwayoyin da ke cikin ɓoyayyiyar siffar, da ɗan bayani kan kamanninta. Da wannan ne Dorothee Kern da mutanenta a Jami'ar Brandeis suka kwatanta enzayim ɗin adenylate kinase na E. coli da na Aquifex aeolicus, bakteriyar da ke rayuwa a ruwan zafi mai kusan tafasa. Siffofin biyu kusan ɗaya ne a hoto, amma a zafin ɗaki na Aquifex ya fi jinkirin aiki, kuma a 2004 suka nuna dalili: marfinsa ne ke jinkirin buɗewa don sakin abin da aka samar, saurin buɗewar marfin kuma shi ne saurin enzayim ɗin gaba ɗaya. Hoton kiristal, komai kyansa, ba zai iya ba da wannan amsa ba, domin bambancin yana cikin lokaci ne.

Akwai misalin da ya fi wannan zurfi. Furotin CAP na E. coli, wanda ke kunna wasu kwayoyin gado idan gulukos ya yi ƙaranci, yana da ɓangare biyu, kowane yana kama sinadarin cAMP guda. Charalampos Kalodimos da Richard Ebright da abokansu a Jami'ar Rutgers sun yi aiki da wani guntun CAP a 2006, suka ga cewa kamun farko yana rage ƙarfin kamu na biyu ba tare da siffar ɓangare na biyun ta canza ba. Abin da ya canza shi ne yawan motsin da ke cikinsa. Masana biyu, Cooper da Dryden, sun yi hasashen yiwuwar haka tun 1984, amma sai da NMR aka gan shi a zahiri. Duk mai zargin cewa wani sauyin gado da ke nesa da ramin aikin enzayim shi ne ke kawo jure magani, alhali siffar ba ta nuna wani bambanci ba, ya kamata ya riƙe wannan misali.

Wajibi ne a faɗi cewa masana ba su haɗu a kan fassarar irin waɗannan sakamako ba. A 2011 ɗakin binciken Wright ya canza amino asid a DHFR don daskarar da motsin milisakan na igiyar Met20, aikin enzayim ɗin ya ragu, suka ce motsin yana taimaka wa matakin sinadari kansa. Arieh Warshel da mutanensa suka mayar da martani a shekarar da cewa canjin ya ɓata tsarin cajin lantarki na ramin ne, kuma wannan ya isa ya bayyana raguwar. Darasin da ɗalibi zai ɗauka shi ne NMR tana auna motsi da gaskiya, amma daidaituwar saurin motsi da saurin aiki ba ta zama hujjar cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan ba sai an ƙara wasu gwaje-gwaje. Haka kuma wani lokaci amsar takan zo ba yadda aka zata ba. Da Pierre-Yves Savard da Stéphane Gagné na Jami'ar Laval a Kanada suka auna TEM-1 a 2006, enzayim ɗin da ke farfasa ampicillin da danginsa, sun same shi a tsaye ƙam a ma'aunin nanosakan, ɗaya daga cikin mafi taurin furotin da aka taɓa aunawa, sai alamun motsi mai jinkiri a kusa da ramin aikinsa.

Kuɗin da NMR ke karɓa

Iyakarta ta farko girma ce. Furotin babba yana juyi a hankali cikin ruwa, siginarsa tana mutuwa da wuri, ɗigogin taswira kuma suna faɗaɗa su hau kan juna. Da dabarun yau da kullum, aiki yana tafiya lafiya har zuwa kilodalton 25 ko 30, kilodalton kuwa shi ne ma'aunin nauyin furotin. DHFR mai kilodalton 18 yana ciki sosai, TEM-1 mai kimanin 29 yana bakin iyaka. An tura iyakar gaba da dabarar TROSY ta 1997, mai ƙara wa siginar babban furotin kaifi, da kuma renon bakteriya a ruwa mai nauyi, wato ruwan da diyuteriyom, nau'in haidirojin mai nauyi, ya maye gurbin haidirojinsa, har ɗakin Wüthrich ya ga siginar furotin GroES a manne da furotin GroEL a 2002, haɗin da ya kai kilodalton 900, ɗakin Kay kuma ya yi aiki da enzayim ɗin ClpP mai kilodalton 300 ta hanyar kallon rukunan methyl kaɗai. Sai dai waɗannan ayyuka ne na ɗakunan da suka shafe shekaru suna gogewa, kuma ba zan ba ɗalibin da ke da shekara uku shawarar ya fara daga nan ba.

Ta biyu ita ce samfur. Naitirojin-15 kashi 0.37 cikin ɗari ne kawai a halitta, kabon-13 kuma kashi 1.1, don haka dole a reni E. coli a abinci na musamman wanda gishirin amoniyom mai naitirojin-15 da gulukos mai kabon-13 ne kaɗai tushen abincinta. A nan mai aiki da furotin na bakteriya ya yi sa'a, domin furotin ɗinsa a gida yake, ba kamar na ɗan Adam ba da sau da yawa yakan ƙi naɗewa daidai a cikin E. coli. Gishirin naitirojin ba shi da tsada sosai, gulukos ɗin ya fi shi, ruwa mai nauyi kuma shi ne ke cinye kasafi. Ana bukatar kusan rabin mililita na furotin mai tsabta, mai kauri daga milimola 0.1 zuwa 1, wanda zai zauna kwanaki a zafin ɗaki bai dunƙule ba. Kafin a fara auna motsi kuma sai an gano wane ɗigo ne na wane amino asid, aikin da kan ɗauki makonni ko watanni, sai fa idan wani ya riga ya yi shi ya ajiye a BMRB, rumbun bayanan NMR na intanet, wanda ya kamata a duba tun kafin a rubuta takardar neman tallafi.

Ta uku ita ce na'urar kanta. Maganaɗisun yana zaune ne a cikin ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, kewaye da ruwan naitirojin da ake ƙarawa kusan kowane mako. Da zarar an ɗora masa wuta ba ya bukatar lantarki don riƙe ƙarfinsa, amma idan hiliyom ya ƙare sai ya zubar da ƙarfin gaba ɗaya, tayar da shi kuma kuɗi ne mai yawa. Hiliyom daga ƙasashe ƙalilan yake fitowa, irin su Amurka da Katar da Aljeriya da Rasha, kuma ya sha yin ƙaranci a kasuwar duniya. Sauran sassan na'urar suna son wutar da ba ta ɗaukewa, domin gwajin CPMG guda yana iya cin kwana biyu ko uku a jere, kuma an fi so a maimaita shi a na'urori biyu masu ƙarfi daban-daban. Ƙananan na'urorin NMR na kan tebur, da masu megahaz 300 ko 400 da sassan kemistiri ke tantance sinadaran tsirrai da su, ba su wadatar da wannan aiki ba. A zahiri mai bincike daga yankinmu zai yi wannan mataki ne ta hanyar haɗin gwiwa da wani ɗakin bincike a waje, ko a lokacin karatun da TETFund ko DAAD ko makamantansu suka ɗauki nauyi.

Sauran hanyoyin

Hanyar kiristal ita ce uwa. Ana sa furotin ya jeru ya daskare kamar ƙwayar gishiri, a haska shi da eksire, a lissafa matsayin kowace zarra daga yadda hasken ya watsu. Tun daga siffar myoglobin da John Kendrew ya fitar a 1958, ita ce ta samar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na siffofin da ke PDB, rumbun siffofin furotin na duniya, wanda ya haura 200,000 a 2023. Ba ta da iyakar girma, kuma idan tambayar ita ce yadda magani ya zauna a ramin enzayim, babu abin da ya fi ta. Game da motsi kuwa shaidarta ta kaikaice ce. Yawancin bayanai ana ɗaukarsu a sanyin digiri 173 ƙasa da sifiri, maƙwabta a cikin kiristal suna iya danne igiyar da a ruwa take yawo, ɓangaren da ya fi motsi kuma sau da yawa ba ya fitowa a hoton ko kaɗan. Furotin mai kama maltos na E. coli misali ne: kiristal ya nuna shi a buɗe idan babu sukari, a rufe idan akwai, amma a 2007 Marius Clore da abokansa suka nuna da NMR cewa ko babu sukari kimanin kashi 5 cikin ɗari na ƙwayoyinsa suna cikin wata siffa mai rabin rufewa. Akwai sabon salo da ke ɗaukar hoto bi da bi yayin da aiki ke gudana a cikin ƙananan kiristal, kamar yadda aka bi enzayim ɗin BlaC na bakteriyar tarin fuka yana farfasa ceftriaxone daga milisakan 30 zuwa sakan 2 a na'urar LCLS ta Stanford, amma irin wannan na'ura 'yan ƙalilan ne a duniya.

Ta fuskar isa gare ta, kiristal ta fi NMR sauƙi a wani ɓangare. Har yanzu babu sinkurotoron, wato babbar na'urar samar da eksire mai ƙarfi, ko guda a nahiyar Afirka, kuma ƙoƙarin da ake kira African Light Source bai kai ga gini ba. Amma kiristal ana iya daskarar da shi a aika shi cikin tulun sanyi zuwa Diamond a Ingila ko ESRF a Grenoble ta Faransa, a sarrafa na'urar daga nesa ta intanet, bayanan kuma su fito cikin mintuna. Wahalar tana wajen samun kiristal ɗin, kuma furotin mai yawan motsi, wanda shi ne ake son nazarinsa, shi ne ya fi ƙin jeruwa.

Kirayo, wato madubin lantarki da ke ɗaukar hoton furotin da aka daskarar farat ɗaya cikin siririyar ƙanƙara, ta fara ne daga inda NMR ta gaji. Jacques Dubochet da Joachim Frank da Richard Henderson sun sami Nobel a kanta a 2017. Tana son manyan abubuwa: ribosom mai ƙera furotin, injin kwafar RNA, famfunan da ke fitar da magani ta tantanin bakteriya. Da yake kowace ƙwaya ana ɗaukar hotonta ita kaɗai, kwamfuta tana iya rarraba hotunan zuwa siffofi daban-daban, kamar yadda masana a Göttingen ta Jamus suka ware kimanin siffofi 50 na ribosom ɗin E. coli daga hotuna kusan miliyan biyu a 2010. Wannan babban abu ne, amma a lura da abin da ya ɓace. Kirayo tana faɗin siffofin da ke akwai da kimanin yawan kowace, ba ta faɗin saurin tafiya daga wannan zuwa waccan sai da dabarun haɗawa da daskarewa na musamman. Ƙasa da kilodalton 50 kuma aiki yana yi mata wuya ƙwarai, don haka DHFR da TEM-1 da adenylate kinase duk sun yi mata ƙanƙanta. Na'urar tana cin miliyoyin dala, bayananta kuma terabait ne masu yawa.

Musayar haidirojin da diyuteriyom, wadda ake aunawa da na'urar tantance nauyin ƙwayoyin sinadari, ita ce hanyar da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta ba. Ana tsoma furotin a ruwa mai nauyi na sakanni ko mintuna ko sa'o'i, a tsayar da musayar da sanyi da tsami, a yayyanka shi da enzayim ɗin pepsin, a auna nauyin kowane guntu. Wurin da ke buɗewa yana shan diyuteriyom da sauri, wurin da ke rufe yana jinkiri. Samfur kaɗan take ci, ba ta bukatar renon bakteriya a abinci na musamman, girma kuma bai dame ta ba. Rauninta shi ne tana magana a kan guntu mai amino asid biyar zuwa goma sha biyar, kuma tana nuna inda ake buɗewa ba tare da nuna kamannin buɗaɗɗiyar siffar ba. Ga mai son sanin ko wani magani ko wani sauyin gado ya taurara wani yanki na babban furotin, sau da yawa wannan ta isa. FRET na ƙwaya ɗaya kuma, inda ake liƙa rini biyu masu ƙyalli a auna tazarar da ke tsakaninsu daga nanomita 2 zuwa 10, yana nuna furotin guda yana buɗewa yana rufewa a gaban ido, amma tazara ɗaya kawai yake bayarwa a kowane gwaji, rinin kuma yana iya taɓa motsin da ake aunawa.

Saura kwamfuta, wadda ita ce mafi kusa da hannun mai bincike a ƙasashenmu. Kwaikwayon motsin zarra ya fara ne da fikosakan tara kacal a aikin McCammon da Gelin da Karplus na 1977, ya kai milisakan guda a 2010 da na'urar Anton da aka ƙera don wannan aiki kaɗai. Yau manhajar GROMACS kyauta ce, kuma kwamfuta mai katin hoto mai kyau tana iya ba da maikirosakan na ƙaramin furotin cikin kwanaki. Tana nuna kowace zarra a kowane lokaci, abin da babu gwajin da ke yi. Amma lissafi ne da aka gina a kan ƙiyasi, kuma na ga rubuce-rubuce da dama da suka gudanar da nanosakan 100 sannan suka yanke hukunci kan motsin da a zahiri milisakan yake ɗauka, wanda ya ninka abin da suka kalla sau dubu goma. Ingantacciyar hanyar amfani da ita ita ce a zaɓi furotin da wasu suka riga suka auna da NMR, a tabbatar kwaikwayon ya maimaita lambobinsu, sannan a tambaye shi abin da ba a auna ba. AlphaFold, manhajar hasashen siffar furotin wadda ta kai Demis Hassabis da John Jumper ga Nobel a 2024, tana ba da siffa cikin mintuna, amma yawanci siffa ɗaya take bayarwa. Furotin RfaH na E. coli yana da ɓangaren da ke warware naɗinsa gaba ɗaya ya koma wata siffa dabam idan ya fara aiki, abin da aka nuna da NMR a Bayreuth ta Jamus a 2012. Hasashe guda ba zai nuna cewa akwai siffofi biyu ba, balle ya faɗi lokacin da sauyin ke ɗauka.

Yadda zan zaɓa

Idan furotin ɗin bai wuce kilodalton 30 ba, yana narkewa da kyau, tambayar kuma ta shafi sauri ko ɓoyayyiyar siffa, to NMR ce, kuma ya cancanci a nemi abokin haɗin gwiwa saboda ita ko da za a jira. Idan furotin ɗin ba shi da tsayayyiyar siffa tun asali, nan ma ita ce, domin kiristal da kirayo ba sa ganin abin da ba ya tsayawa. Aikin Sebastian Hiller a Basel na 2013 ya nuna haka sarai. Skp furotin ne ɗan rakiya, wanda ke riƙe furotin ɗin tantanin waje har ya kai shi mazauninsa, kuma NMR ta nuna cewa wanda ake rakiyar yana cikin rungumar Skp na sa'o'i, amma a ciki yana ta sauya siffa cikin ƙasa da milisakan, ba ya manne wa wuri guda.

Idan abin ya haura kilodalton 100, a fara da kirayo don ganin siffofin, a haɗa da musayar diyuteriyom don ganin inda ake motsi. Furotin na cikin tantani yana tsakiya: ƙarami irin EmrE mai amino asid 110, wanda Katherine Henzler-Wildman ta nuna da NMR a 2012 yana juyawa tsakanin fuskantar ciki da fuskantar waje don fitar da magani, yana yiwuwa, amma babban famfo irin AcrB na kirayo da kiristal ne. Idan kuma manufar ita ce ƙera magani, kuma abin da ake so shi ne ganin yadda sinadarai ashirin suka zauna a rami guda, kiristal ta fi sauri da araha. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma labarin DHFR kansa bai cika ba sai da aka haɗa hotunan 1997 da ma'aunin 2006 da lissafin saurin enzayim da aka yi kafinsu.

Akwai aikin da ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin manyan na'urorin nan, kuma shi ne rabin tafiyar: ciro kwayar gadon daga bakteriyar da aka samu a asibitocinmu, sa E. coli ta samar da furotin ɗin, tsabtace shi, da auna saurin aikinsa da magunguna daban-daban. Ɗakin bincike na waje ya fi saurin buɗe ƙofa ga wanda ya zo da furotin mai tsabta da tambaya bayyananniya. Kafin a ɗaura niyyar shekaru uku a kan NMR, a reni lita ɗaya ta bakteriya da giram ɗaya na gishirin naitirojin-15, a aika samfurin, a nemi HSQC guda, wanda ba ya wuce sa'a ɗaya. Idan ɗigogin sun fito a warwatse, masu kaifi, adadinsu ya yi kusa da adadin amino asid ɗin, hanya a buɗe take. Idan sun taru a tsakiya masu kaifi, furotin ɗin ba shi da tsayayyen naɗi, wanda shi ma abin nazari ne. Idan wasu sun ɓace daga yanki guda, sau da yawa alama ce ta motsin maikirosakan zuwa milisakan a daidai wurin, kuma can ya kamata a nufa da CPMG. Idan kuwa taswirar ta fito a dushe baki ɗaya, furotin ɗin ya dunƙule ko ya yi girma, sai a canza gishiri da zafi a sake gwadawa sau ɗaya ko biyu, in bai gyaru ba a juya zuwa musayar diyuteriyom ko kiristal tun shekarar farko ba ta ƙare ba.